Hular Bakwaini

Abu biyu mutanen Yelwa suka ɗauka game da ni, kuma duka biyun ba haka suke ba. Na farko, wai saƙa sana'ar zaune ce, aikin matar da ba ta son rana ta taɓa ta. Na biyu, wai ɗiyata ta rasu na shiga kasuwa ina bara da ita. Na farkon 'yan mata ne ke faɗa, irinku da kuke zuwa kuna cewa a koya muku kafin Sallah. Na biyun manya ne suka faɗa, wasu a bayan idona, wasu a gabana. Zan yi bayani sau ɗaya a nan, don na gaji da maimaitawa ga duk sabuwar da ta zo.

Aikin farko da Malama Ige ta ba ni ba saƙa ba ce, warwara ce. Na gama sakandare ke nan, babu kuɗin ci gaba, mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni gidanta. Ina ta hangen injin, ita kuwa ko kallonsa ba ta bari na yi ba. Ta jefo mini wata tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo ta ce in warware ta ba tare da zaren ya tsinke ba. Zaren da aka warware a murɗe yake fitowa, kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Sai an naɗe shi a ƙafafun kujera, an tsoma a ruwan ɗumi, an rataye da dutse a ƙasa kafin ya miƙe. Na yi ta warwara har yatsuna suka yi kanta. Ranar da na ce mata ni saƙa na zo koya, ba ɓarna ba, cewa ta yi, "Wadda ba ta iya warwara ba, in ta yi kuskure sai ta ɓoye shi. Ban son mai ɓoyo a ɗakina."

Shi injin dogon ƙarfe ne, allurai a jere kamar haƙoran zarto, kowace da ɗan harshe da ke buɗewa yana rufewa. Akwai kai da ake turawa dama da hagu, kuma da kafaɗa ake tura shi, ba da addu'a ba. Ki yi yini guda ki ji yadda bayan wuyanki zai yi. Zaren da kowace allura ke riƙe da shi muna ce masa ido. Harshen allura ɗaya ya lanƙwashe, ido ɗaya ya faɗi, kafin ki farga ya zarce har gindin riga ya bar miki tsani. Allurar canji ba a samunta a nan, sai an yi saƙo Kano. Da bazara gumi na jiƙa ulu ya ƙi tafiya, gashinsa ya cika miki hanci. Man keken ɗinki kaɗan ake ɗiga masa. Ya yi yawa, ya ɓata farin zare, ke za ki biya.

Wata Hajiya mai sayar da shinkafa daga Shanga ita ta koya mini dokar sana'ar, ba Malama ba. Ta ba da aikin saiti na jikanta: riga, wando, hula, safa da shawul. Ni aka bar wa aikin. Na tambayi girman jaririn, na auna da hankalina, na yi abin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Sai ga Hajiya ta dawo da kayan a leda, ta dire su kan injin.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ce. Na ce ko bai shige shi ba ne?

"Ya shige shi tsam. Shi ne laihin. Wata mai zuwa mi za ya sa? Ke kin san nawa na sayi zaren nan?"

Malama ta ba ta haƙuri, ni kuma na kwana biyu ina warwara. Daga nan na riƙe: a yi da girma. Hannun riga sai an naɗe shi, hula sai ta sauko kan hanci, safa sai an ɗaure da zare. Duk mai saƙa a ƙasar Yauri haka take yi, don duk mai saye haka take so. Babu mai saƙa wa jariri kayan ranar da aka haife shi, yaron da zai zama nan gaba muke saƙa wa. Na taɓa tambayar Malama, to bakwaini fa? Ta dube ni kamar na zagi wani.

"Wa za ta zo ta ce a yi mata? Ai kiran abin ne."

Da aka tashi aurena na ce a rage kwanukan jere a saya mini inji. An yi surutu, amma an saya. Maigidana makanikin injin jirgin ruwa ne, a bakin tafki yake yini. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Inna, wadda aka haifa a gungu, can tsakiyar ruwa, ta kuma tsufa tana bandar kifi. A kasuwa Kulu Mai Banda ake ce mata. Sunanta na yanka Hauwa'u. A lokacin ko wata Hauwa'u ce daban ta kawo mini aiki, sai dai in ce mai sunan Inna.

Saitin da na fi ɓata lokaci a kansa nawa ne. Da ciki ya fito na sayi ulu mai laushi, ruwan ɗorawa, irin wanda ban taɓa yarda na saya wa kaina ba. Ina yi ina ɓoyewa, in wata ta shigo in ce na wata ne. Na yi shi da girma, yadda aka koya mini, na sa a ƙasan akwati.

Tsakiyar bazara, da rana tsaka, ina kan injin naƙuda ta zo. Cikin bai wuce wata bakwai ba. Babu lokacin zuwa ko'ina. Inna ce ta karɓi haihuwar, ta sha karɓa a unguwa. Mace ce. Na sha ganin tarwaɗar da ta fi ta nauyi a kan bandar Inna. Ta yi kuka, ƙarami, amma kuka ne.

Inna ta fitar da ita tsakar gida ta yi mata wanka, da soso da sabulun salo, ta zubar ta sake ruwa, ta zubar ta sake, don kada ƙarni ya bi ta har girma. Haka ake yi wa kowa. Haka aka yi mini. Kafin a gama ta daina kukan, maƙwabta suna cewa ga ta da haƙuri. Ubanta ya dawo a guje, hannunsa duk baƙin mai, ya wanke, ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa. Aka ciro saitin aka sa mata. Hular ta haɗiye kanta har haɓa. Inna ta naɗe bakin, ta zame. Ta sake naɗewa, ta sake zamewa.

Zuwa la'asar ba ta kama nono ba, tafin ƙafarta kuma sanyi ƙalau. Aka tare mai mashin. Inna ta rungume ta a baya, iska na kaɗa shawul ɗin, mu muna biye.

Nas ɗin da ta karɓe mu Sista Rifkatu ce, 'yar wajen Ngaski, doguwa, ba ta da yawan gaisuwa. Ta ɗora bayan hannunta a cikin jaririyar.

"An yi mata wanka?"

Inna ta ce, "To da ƙazanta za a kawo muku ita?"

"Mama, sanyi ya kama ta."

"Sanyi? Cikin wanga zahi? Yau mutum biyu sunka suma a kasuwa."

Sista ba ta yi musu ba, hannunta na aiki tana magana. Ta ce bakwaini ba shi da kitse, zafin da ke gasa babba bai ishe shi ba. Ruwa na kwashe ɗan ɗumin da ya fito da shi, iska ta kwashe saura, kuma ta ka yake fi fita. Ta zare hular ta juya ta a hannu.

"Wa ya saƙa wannan?"

Na ce ni ce.

"Ta yi kyau. Ki ajiye mata sai ta fara zama."

Ta yanki bandeji ta naɗe mata kai da shi.

Kwalbar ɗumama bakwaini biyu ce a ɗakin jariran. Ɗaya ta lalace tun kafin Sista ta zo wurin, an mayar da ita ma'ajiyar tawul. Ɗayar tana aiki idan akwai wuta. Injin da ke ba su iska ma sai da wuta. Man janareto kuwa na ɗakin tiyata ne. Mu da aka tashi kakanninmu daga gidajensu don a tare ruwan da zai ba ƙasa wuta, ga tafkin nan ana hangensa daga bayan asibiti, mu ne muke zaune muna kallon ƙwan lantarki ko zai kama. In an kawo, a sa ta a kwalba. In an ɗauke, Sista ta ciro ta ta manna mini a ƙirji, fata da fata, ta ɗaure mu da zane, ta jera robobin ruwan zafi a gefe. Haka muka yi ta yi. Ba ta kai suna ba. Wata safiya ce ta koma, tun jiyanta babu wuta.

Ba zan ce muku da akwai wuta da ta rayu ba. Na tambayi Sista, ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ba. Abin da ta sani shi ne ba a ba yarinyar dama ba.

Maza suka ɗauke ta, kafin hantsi sun dawo. Mata suka yi ta shigowa: ta koma, sai haƙuri, Allah ya kawo mai zama. Babu wadda ta tambayi sunanta, don ba a raɗa ba. Ni kuma aka ɗora mini ruwan jego, safe da yamma, da ganye, har arba'in, babu abin goyo.

Aikin farko da na rasa bayan na koma kan injin na wata maƙwabciya ne. Ta aiko a karɓo zarenta, wai ta fasa. Sai ta biyu. Sai wadda ma na riga na gama wa, ta ce in bari tukuna. Babu wadda ta faɗa mini dalili, sai Malama Ige.

"Hannunki suke gudu, Saratu. Ki koma rigunan 'yan makaranta har Allah ya ba ki wani. Za su dawo."

Shekarar nan ita ce mafi muni da na gani a sana'ar. Injin ya yi ta zama a rufe da zane. Da zaman ya ishe ni na buɗe akwati na ciro saitin ruwan ɗorawa. Bayarwa ba mai karɓa, ajiyewa ba amfani. Na warware shi, na tsoma, na rataye da dutse. Sannan na tafi wurin Sista na ce ta ba ni awon kan bakwaini. Ta leƙa jakarta ta miƙo mini lemun zaƙi da ta kawo don cin rana.

"Kamar wannan. Wani bai kai ba."

Ku da kuke cewa ƙaramin abu ya fi sauƙi, ku zo ku gwada. Dole a matse idon sosai, in ba haka ba iska ta ratsa, kuma in kin matse da yawa kan injin ya cije ya karya miki allura. Ɗinkin haɗi a waje ake barinsa, ba a ciki ba, don fatar bakwaini ko kaurin zare na iya ƙuje ta. Ba tuntu, ba kirtani, ba ado. Bakin sai ya kama kai ya riƙe, ba tare da ya bar shaida a goshi ba. Na ɓata da yawa. Lemun ya bushe a kan injin, na sayi wani. Daga saitin nan guda na fitar da huluna cike da fanteka.

Sista ta ji daɗinsu, a gabana ta sa wa wani ɗan yaro ɗaya ta zauna daram. Amma ta ce, "Ƙanwata, hula ba ta kunna kwalba." Na ce me ke kunnawa? Ta ce sola da batura, na ɗakin jarirai kaɗai. Shugaban asibitin ya yarda a kafa in an samu mai saye. Da mai haɗawa ya faɗi kuɗin, maigidana ya ce ya kai na sabon injin jirgi.

Ni a lissafina abin a fili yake. Ina da inji, ina da hannu. In saƙa huluna, in sayar ranar kasuwa, kuɗin ya tafi sola. Na manta da abin da Malama ta faɗa mini kan kayan bakwaini tun ina koyo.

Na jera su a faranti na zauna bakin layin masu kayan koli. Mata na tsayawa suna dariya, suna ɗagawa. "Ta 'yar tsana ce?" Ina cewa ta bakwaini ce sai a sake ta kamar garwashi. Wata mai tsohon ciki ta tofar da yawu gefe.

"A'uzu billahi. Ke naki ya koma, shi ne kike yi wa mutane fata?"

Maza kan jefa canji a farantin ba tare da sun tsaya ba, don in bar musu hanya. Ina cewa taimako ne na ɗakin jarirai, ana ce mini ai aikin gwamnati ne. Kasuwa bayan kasuwa, abin da nake tarawa ko kuɗin zare bai mayar ba. Inna tana layin masu banda, ba nisa, amma in za ta wuce sai ta zagaya ta bayan masu tukwane. A gida muna gaisawa, muna cin tuwo ɗaya. Zancen wankan bai taɓa fitowa daga bakin kowa ba. Maigidana ya jure har abokan aikinsa suka fara tambayarsa ko a nema mini rubutu. Ya ce, "Saratu, zuwa Babbar Sallah. In bai yi ba, ki ɗauke farantin nan daga kasuwa." Na ce na ji.

Na kai wa Sista ƙorafi, ta saurare ni tana wanke hannu.

"Mutane ba sa ba ɗaki kuɗi. Mutum suke ba wa. Don wa kike yi?"

"Don ɗiyata."

"Ba ta da suna?"

"Tana da shi."

"To. Mu dai namu ko kwana ɗaya suka yi muna kiran sunansu. Ku kuka san naku."

Ita abin sauƙi ne a wurinta. Ɗiyar fari ce, wadda ko tana raye ba zan kira sunanta ba har in mutu. Kuma sunan uwar mijina ne.

Kasuwar ƙarshe kafin Sallah na ɗauki farantin na kai shi layin masu banda, na ajiye daidai gaban rumfar Inna. Ban shirya abin da zan ce ba, haushi ne kawai ya kai ni. Ta ɗago ta gan ni, ta ci gaba da jera kifinta. Wata tsohuwa da ke kawo kifi daga Wara ta sunkuyo ta taɓa hula ɗaya. Na yi mata bayanin da na saba. Ta ce, "Allah sarki. Ɗiyar wa ce ta koma?"

Na ce, "Tawa ce. Sunanta Hauwa'u. Sanyi ya kashe ta cikin bazara."

Muryata ba ƙarama ba ce, kun sani. Har masu ciniki suka juyo. Wata ta ce, "Kun ji ɗiyan boko." Wata ta rufe baki da gefen mayafi. Inna ta miƙe, ta goge hannunta a zane, ta tsallako kwatar da ke tsakaninmu. Na tsaya ina jiran mari, kuma da ta yi babu wanda zai ga laifinta.

Hula ta ɗauka. Ta zura yatsu uku a ciki, suka cika ta.

"Wagga ta isa kan mutum?"

"Ta isa, Inna."

"Da wagga anka sa mata, da ta tsaya?"

"Sista ta ce ba ta sani ba."

Ta daɗe tana juya hular. Sannan ta yi magana, ba da ni kaɗai ba, da layin duka.

"Ni na yi mata wanka. Yadda anka yi min, yadda anka yi ma ubanta. Kahin ubanta na haihi biyu a gungu, duk ba su cika wata ba. An wanke su tas. Ba wanda ya kai suna." Ta ɗauki hula ta biyu. "Wagga ta Mamman ce. Wagga ta Indo."

Shekara nawa ina gidan ban san an yi su ba. Maigidana ma, da na faɗa masa, bai san sunayensu ba. Ta kwance bakin zanenta ta biya, ba ta nemi ragi ba, ita da take neman ragi ko a kan gishiri. Sannan ta mayar da hulunan kan farantin.

"Kai ma Sista. Ni mi zan yi da su?" Har ta juya, ta dawo. "Sunana kuma ya hita bakinki yau. Kada in sake ji."

Ban sake ba. Da aka sake tambayata a kasuwa, ita ke amsawa daga rumfarta. Nan ma rubutawa na yi.

Tsohuwar Wara ce ta biyo. Ta biya ɗaya, ta faɗi suna, ta ajiye. Sai ta kusa da ita. Ban san haka layin masu banda yake ba. Mata ne da nake gani kullum suna zagin juna a kan canji, ashe kusan kowace da wanda ta binne ba a yi masa zaman makoki ba. Wasu da ƙarfi suke faɗa, wasu sai sun sunkuyo kunnena. Matan Shanga masu kawo gero suka ji suka zo, Kirista da Musulmi. Wata ta ce nata ko huɗuba bai samu ba, ta tsaya ta yi tunani, ta sa masa suna nan a gaban faranti, da warin hayaƙi da ƙuda. Babu wadda ta tafi da hula gida. Abin da na kasa ganewa ke nan tun farko: ba mai sayen hular bakwaini don wanda ke tafe, amma akwai masu saye don wanda ya wuce.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Wasu suka ce bidi'a na kawo. Wani malami ya aiko cewa sadaka ba laifi, amma tallar matattu ba tarbiyya ba ce. Masu kawo mini saiti har yau rabinsu ba su dawo ba. Kuɗin ma bai cika da Sallar ba, sai da wata bazarar ta zagayo, kafaɗata ta dama ta kumbura, maigidana ya sa nasa kuɗin. Amma an kafa faifan solar a kan rufi. Kwalbar tana kunne ko an kawo ko an ɗauke. Akwai yaran da suka fita daga ɗakin nan a bayan uwayensu, na ga wasu. Akwai waɗanda ba su fita ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan na makon jiya ne. Na kai huluna da hantsi, na tarar an kawo wani daga gungu. An haife shi da safe, an wanke shi tas, an naɗe shi da zanen da feshin ruwa ya jiƙa a jirgi, iskar tafki ta bi shi tun daga can har bakin gaɓa. Uwar ba ta kai shekaruna ba. Sista ta sa masa hulata, ta zauna masa daidai. Ta sa shi a kwalba. Kwalbar da ɗuminta, baturan a cike, komai na aiki. Kafin azahar aka ciro shi aka miƙa wa kakarsa. Na tsaya ina kallon fitilar kwalbar tana ci, ba kowa a ciki.

Sista ta ce, "Irin wannan tun a gida ake rasa su. Nan gawa kawai ake ƙarasowa da ita."

Na dawo na faɗa wa Inna tana kan banda. Na ce sola ba ta zuwa gungu, amma hula na zuwa. Na ce zan kai wa ungozomomin can, in ce su bar wankan sai yaro ya yi ƙwari, su goge shi kawai, su sa hula, su manna shi a ƙirjin uwar kafin a shiga jirgi.

Ta ce, "Ke? Ɗiyar boko, ba ɗa a baya, ba ki jin yarensu? Ko ruwan sha ba su ba ki."

"To ke za su ji?"

"In sun ga dama."

Ta juya kifinta, hayaƙi ya turnuƙe mu. Can ta ce wadda ta wanke Mamman da Indo tana nan da rai, yayarta ce, kuma har yau ita ke karɓar haihuwa a gungunsu. Ta ce mace ce mai baƙin taurin kai, ta fi ta.

Don haka ga yadda za a yi. Injin zan bar muku a buɗe. Duk mai son koyo ta fara da warwara, sannan ta saƙa hular da za ta kama lemu ba ta zame ba. Sai ta iya wannan zan nuna mata saiti mai girma na cin abinci. Wadda take gaggawar Sallah ta nemi wani ɗakin.

Ni ban iya ruwa ba, ban taɓa shiga jirgi ba duk da a bakin tafki na girma. Maigidana ya ce shi zai duba injin jirgin da kansa. Ranar kasuwa mai zuwa, in masu gungu sun tashi komawa, za mu bi su, ni da jakar huluna, Inna da bakinta. Da yayarta za mu fara.